Sanadi da Matani a Ilimin Jijiyoyin Zuciya: Da Me Ake Auna Mai Bincike?

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci zuciya Ya hore mata bugawa kimanin sau 100,000 a yini da dare ba tare da mai ita ya umarce ta ba, da salati ga Fiyayyen Halitta, mas'alar da muke so mu yi bahasi a kanta yau ita ce: idan aka ce wane babban mai bincike ne a fannin likitanci, ya wallafa maƙaloli kaza, an kafa hujja da shi sau kaza, mene ne haƙiƙanin abin da waɗannan alƙaluma ke shaidawa, kuma ina iyakar shaidarsu? Za mu ɗauki misalinmu daga fanni guda, wato ilimin gyaran jijiyoyin zuciya ta hanyar zura bututu, kuma mu dogara ga tarihin likita guda, Andreas Gruntzig, mutumin Jamus.

Kafin mu kai gare shi, wajibi ne mu fayyace fannin kansa. Zuciya, duk da cewa ita ce ke harba jini zuwa ga sauran gaɓoɓi, ita ma tsoka ce mai bukatar ci, kuma abincinta yana isa gare ta ne ta wasu 'yan jijiyoyi da suka kewaye ta kamar rawani, waɗanda faɗin kowacce bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Idan kitse ya daskare a bangon ɗaya daga cikinsu har hanya ta ƙuntata, sai mutum ya riƙa jin nauyi a ƙirji in ya hau tudu ko ya yi sauri. In kuwa gudan jini ya toshe ta gaba ɗaya, sai ɓangaren tsokar da take shayarwa ya fara mutuwa cikin sa'o'i kaɗan. A da, in magani ya gaza, ba wata dabara sai a tsaga ƙirji, a ɗebo jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirjin, a yi wa jini wata hanya ta kewaye. Fannin da muke magana a kai shi ne wanda ya gano cewa ana iya huda jijiya a matsematsi ko a wuyan hannu, a zura siririn bututu a bi da shi har bakin zuciya ana kallo a na'urar hoto, a buɗe wurin da ya ƙuntata daga ciki, majinyaci yana farke yana amsa tambayar likita.

Wannan ilimi, kamar kowane ilimi mai asali, yana da silsila. A shekarar 1929, a wani ƙaramin asibiti da ke garin Eberswalde kusa da Balin, wani matashin likita ɗan shekara 25 mai suna Werner Forssmann ya zura bututu a jijiyar hannunsa shi da kansa, ya tura shi har ya shiga zuciyarsa, ya ɗauki hoto domin ya zama shaida, ya kuma wallafa abin da ya yi a wannan shekarar. A 1953, Sven Seldinger na ƙasar Suwidin ya bayyana yadda za a shiga jijiya da allura, a zura siririyar waya ta cikinta, a zare allurar, sannan a bi wayar da bututu, ba tare da an yanka fata ba. A 1958, Mason Sones na asibitin Kilibilan a Amurka ya gano, ta hanyar wani kuskure da ya auku yana tsakar aiki, cewa ana iya zuba ruwan da ke fito da hoto kai tsaye cikin jijiyar zuciya, mutum kuma ya rayu. A 1964, Charles Dotter, shi ma a Amurka, ya buɗe toshiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa 'yar shekara 82 wadda ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa, ta hanyar cusa bututai masu bambancin kauri. Mutanen ƙasarsa ba su ba abin muhimmanci ba, amma wani likita a Jamus, Eberhard Zeitler, ya karɓa ya raya shi, kuma daga wurin Zeitler ne Gruntzig ya ɗauko.

An haifi Gruntzig a birnin Dresden a 1939, ya yi aiki a asibitin jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan. Abin da ya ƙara a kan na magabatansa shi ne tunanin ɗaura ɗan balan-balan a kan bututun, wanda zai shiga babu iska a cikinsa, in an kai shi daidai wurin ƙuncin a hura shi ya danne kitsen ga bango, sannan a sace iskar a zare shi. Da yake babu masana'antar da ke ƙera irin wannan abu a lokacin, a kan teburin ɗakin girkin gidansa ya riƙa haɗa su da daddare, shi da maiɗakinsa da mataimakiyarsa a asibiti da mijinta. Ya fara da jijiyar ƙafa a 1974, ya jarraba a kan karnuka, ya kai sakamakon taron likitocin zuciya na Amurka a 1976, inda da yawa suka dube shi da shakka. Ranar 16 ga Satumba, 1977, bayan babban likitan tiyata Ake Senning ya yarda zai tsaya a shirye ko da abin zai ɓaci, Gruntzig ya buɗe jijiyar zuciyar wani mutum ɗan shekara 38, sa'ansa ke nan, kuma da aka sake ɗaukar hoton wannan jijiya bayan shekara 10, aka iske ta a buɗe.

To, a nan ne muke so mai sauraro ya tattara hankalinsa, domin mun iso ga abin da ya wallafa. Rubutunsa na farko a kan wannan aiki gajeriyar wasiƙa ce da mujallar Lancet ta Ingila ta buga a watan Fabrairu na 1978, tana ba da labarin majinyata 5 kacal. Na biyu kuwa, wanda ya zama ginshiƙin fannin baki ɗaya, ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 1979, da sunan mutum uku: shi, da Senning, da Walter Siegenthaler. A ciki ya ba da lissafin majinyata 50, ya ce aikin ya yi nasara a kan 32, ya ce 5 sun rikice har aka garzaya da su tiyatar gaggawa, ya ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na masu bukatar tiyata za su dace da hanyarsa, ya kuma rufe da cewa sai an yi gwajin kwatance na adalci kafin a tabbatar da fa'idarta. Mutumin da duniya ta fara tafa masa, wanda da ya so ya ɓoye 18 ɗin da ba su yi nasara ba da wuya a sami mai tuhumarsa a lokacin, shi ne ya jera aibin aikinsa da hannunsa, ya kuma yi wa abin da ya ƙirƙira iyaka. Tun daga 1978 ya riƙa gayyatar likitoci Zurik su kalle shi yana aiki kai tsaye ta talabijin ɗin cikin gida, su ga nasara in ta zo, su ga tangarɗa in ta auku. Ya koma jami'ar Emory a Atlanta a 1980, kuma ranar 27 ga Oktoba, 1985, ya rasu a hatsarin ƙaramin jirgin sama da yake tuƙawa, yana da shekara 46. A cikin wannan shekara ɗaya Dotter da Sones su ma suka bar duniya.

Yanzu bari mu juya ga ma'auni. A al'adar masu bincike, duk wanda ya rubuta maƙala dole ne ya jera a ƙarshenta sunayen ayyukan da ya dogara da su, kuma kowane suna da aka jera ambato guda ke nan ga mai aikin. A 1955 wani masani ɗan Amurka, Eugene Garfield, ya kawo shawarar a tattara waɗannan ambato a kundi guda, yadda mutum zai ɗauki maƙala ya ga duk waɗanda suka zo bayanta suka kafa hujja da ita, kuma a 1964 kundin ya fara fitowa. A 2005 wani malamin kimiyyar fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro lamba guda da ake kira ma'aunin h, wadda bayaninta shi ne: in aka ce ma'aunin wane 30 ne, to yana da maƙaloli 30 waɗanda aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Yau da kwamfuta da intanet ana fitar da wannan lissafi cikin ƙiftawar ido, kuma jami'o'i, har da namu na nan gida, suna dubansa wajen ƙarin girma da rabon kuɗin bincike.

Ba ma inkarin amfanin wannan lissafi, kuma wanda ya tashi a zauren karatu ba zai ji shi baƙo ba. Malaman hadisi tun ƙarni na farko suka ɗora wa mai ruwaya nauyin faɗin daga wa ya ji, har sanadi ya zama ilimi mai zaman kansa. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ida'un Nusukhi, domin ambaton shehunan da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ambato amana ce da ake mayarwa ga mai ita, hanya ce da ɗalibi zai bi ya koma ga tushe, kuma idan dubban masu bincike a ƙasashe dabam-dabam, waɗanda ba su san juna ba, suka yi shekara 40 suna komawa ga maƙala guda, lalle akwai abin da suka samu a cikinta. Sai dai malaman nan da suka kafa ilimin sanadi ba su taɓa wadatuwa da ƙirga masu ruwaya ba. Sun binciki adalcin mai ruwaya da ƙarfin kiyayewarsa, sun auna matani, sun kuma san cewa magana tana iya shahara a bakin mutane alhali ba ta da asali. Wannan rabin na biyu shi ne alƙaluma ba sa iya yi, kuma tarihin fannin nan ya nuna haka ta fuskoki da dama.

Fuska ta farko ita ce jinkiri. Forssmann, bayan ya wallafa aikinsa, zargi ya samu a madadin yabo, har ya bar fannin zuciya ya koma tiyatar mafitsara, sai da Andre Cournand da Dickinson Richards suka raya hanyarsa a Niyok a shekarun 1940, sannan aka haɗa su uku aka ba su lambar Nobel a 1956, shekara 27 bayan aikin. Wanda ya auna shi da lissafin ambato a shekara 10 na farko, da ya ce ba shi da wani tasiri. Mafi nisa daga wannan, Ibnu Nafis, likitan da ya rayu a Dimashƙa da Alƙahira ya rasu a 1288, ya bayyana cewa jini yana ratsa huhu ne kafin ya koma ɓangaren hagu na zuciya, amma bayaninsa ya kwanta a rubutun hannu har 1924, lokacin da wani ɗalibin likitanci ɗan Masar ya ci karo da shi a ɗakin karatu na Balin. Rashin masu ambato na ƙarnoni bai rage komai daga ingancin maganarsa ba.

Fuska ta biyu ita ce, aiki in ya kai maƙura wajen karɓuwa, sai a daina jingina shi ga takardarsa. A kowace rana, a asibitocin duniya, ana shiga jijiya da dabarar Seldinger sau da yawan da ba ya ƙirguwa, amma kaɗan ne daga masu rubutu ke komawa su jera maƙalarsa ta 1953, domin ta zama kamar ruwan rijiyar gari, kowa na sha ba a tambayar wanda ya haƙa. Shi kuwa Seldinger bai tara rubuce-rubuce masu yawa ba, daga baya ma ya koma garinsu Mora ya ci gaba da aikin asibiti. Ma'aunin h kuma, bisa yadda aka gina shi, ba ya iya wuce adadin maƙalolin mutum: mai maƙala 5, ko da kowacce ta sauya duniya, ma'auninsa 5 ne.

Fuska ta uku, wadda ta fi tayar da hankali, ita ce lissafi ba ya bambance gaskiya da ƙarya. A 1981 aka kama wani matashin mai binciken zuciya a jami'ar Harvard, John Darsee, yana ƙirƙirar sakamakon gwajin da bai yi ba, bayan ya riga ya tara rubuce-rubuce sama da 100 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, ana yi masa kallon tauraro. Aka janye da yawa daga cikinsu, amma shekaru bayan fallasar wasu marubuta suka ci gaba da kafa hujja da su. Haka nan wanda aka ambata domin a yi masa raddi, da wanda ya ambaci kansa, da abokan da suka yi yarjejeniyar ambaton juna, duk a ma'auni guda ake zuba su.

Fuska ta huɗu ita ce yawan sunaye. Manyan gwaje-gwajen zamanin nan ana yin su ne a asibitoci da dama lokaci guda, sunaye su yi yawa a kan takarda ɗaya, kuma kowane suna yana kwasar ambaton cikakke, da wanda ya kwana a kan aikin da wanda aka sa don girmamawa. A 2018 John Ioannidis da abokansa suka wallafa a mujallar Nature cewa tsakanin 2000 da 2016 an sami marubuta sama da 9,000 da sunansu ya fito a kan maƙaloli fiye da 72 a cikin shekara guda, wato maƙala ɗaya duk kwana 5. Mai hankali ya san cewa karanta maƙala da tahaƙiƙi ma yana cin lokaci, balle yin binciken da ke cikinta. Irin wannan damuwa ce ta sa wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko a 2012 suka yi kira da a auna bincike da abin da ya ƙunsa, a daina ɗaukar sunan mujallar da ta buga shi a matsayin hukunci.

Fuska ta biyar ta shafe mu kai tsaye: ambato yana bin inda masu rubutu da kuɗi suka taru. A 1984 likitan Japan Kanji Inoue ya wallafa hanyar buɗe ƙyauren zuciya da ya ƙanƙance ta amfani da balan-balan, ciwon da galibi ke samo asali daga ciwon maƙogwaron yara da ba a yi wa magani ba, wanda ya kusan ƙarewa a ƙasashe masu arziki amma yana nan yana cin matasa a Afirka da Indiya. A Zariya kuma, a shekarun 1970, Davidson da Parry suka yi nazarin gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, suka duba alaƙarta da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da yawan shan kunun kanwa. Bincike irin wannan ba zai tara ambaton da ciwon attajiran duniya ke tarawa ba, amma ga mai jegon da numfashinta ke sarƙewa, babu wanda ya fi shi daraja.

Me ya tabbatar da matsayin Gruntzig, in ba lissafi kaɗai ba? Abin da ya tabbatar da shi shi ne an jarraba matanin aikinsa, kamar yadda shi da kansa ya nema. Aka gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na jijiyoyin da aka buɗe da balan-balan suna sake ƙuntata cikin wata 6, sai Jacques Puel a Faransa da Ulrich Sigwart a Suwizalan suka fara dasa 'yar ragar ƙarfe mai tokare bangon jijiya a 1986, manyan gwaje-gwaje biyu na 1994 suka nuna fifikonta, daga baya aka shafa mata maganin da ke hana tsiron nama. Aka tabbatar cewa ga wanda jijiyarsa ta toshe farat ɗaya, buɗe ta da gaggawa yana ceton rai. Sannan gwajin da aka wallafa a 2007 a kan mutum 2,287, da na 2020 a kan mutum 5,179, suka nuna cewa ga mai ciwon da ya lafa, wanda ke shan magani yadda ya kamata, dasa ragar yana sauƙaƙa ciwon ƙirji amma bai rage mace-mace fiye da magani kaɗai ba. Ilimin da aka san inda yake amfani, aka kuma san inda ya tsaya, shi ne ilimin da ya nuna.

Saboda haka, ya ku ɗalibanmu na likitanci da matasan malaman jami'a, ku rubuta, domin ilimin da ba a rubuta ba yana bin mai shi kabari, amma ku rubuta abin da idonku ya gani, ku faɗi waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba, ku mayar da kowace magana ga mai ita, kada ku tsinka bincike ɗaya gida biyar don lissafi ya ƙaru, kada kuma ku kai guminku ga mujallun jabu masu karɓar kuɗi su buga ba tare da tantancewa ba. Ya ku shugabanni masu zama a kwamitocin ƙarin girma, ku dubi alƙaluma a matsayin shaida ɗaya daga cikin shaidu, sannan ku buɗe maƙaloli uku ko huɗu da mutum ya fi tinƙaho da su ku karanta, ku tambaye shi wane ɓangare ne aikin hannunsa, wane majinyaci ne ya amfana. Ku kuma sauran jama'a, duk wanda ya ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, yana sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, tare da gumi da sarƙewar numfashi, a gaggauta kai shi asibiti a wannan sa'a, kada a jira wayewar gari, domin tsokar zuciyar da ta mutu ba ta dawowa.

Shekara 8 kawai Gruntzig ya yi tsakanin majinyacinsa na farko na zuciya da rasuwarsa, ya fara da wasiƙa a kan mutum 5, yau kuma miliyoyin mutane ake yi wa wannan aiki a kowace shekara. Nauyin mai bincike yana ga gaskiyar abin da ya rubuta da amfanin da bayin Allah suka samu daga gare shi, yawan ambato kuwa yana biyo baya, wani lokaci da wuri, wani lokaci bayan mai aikin ya daɗe a ƙasa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.